Dalilin da ya sa suka dawo maka da facinka saboda atoi

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka tura faci, wato gyaran da ka yi wa rubutun manhaja, na gwajin kanel ɗin Linux (zuciyar tsarin Linux), masu dubawa suka dawo maka da shi don ka karanta adadin zagaye (sau nawa gwajin zai maimaita) daga layin umarni da atoi, aikin yaren C mai mayar da rubutu lamba, kana tambaya ko wannan al'ada ce kawai ta tsofaffin hannu masu son wahalar da yara.

Al'ada ce, amma ba haka kawai ta samu ba. Shi atoi ba ya iya cewa "wannan ba lamba ba ce". Ka ba shi "abc", ya miƙo maka 0. Ka ba shi "10k", ya ɗauki 10 ya watsar da sauran, bai ce uffan ba. To idan adadin zagaye ya zama 0, gwajinka ba zai yi aiki ko sau ɗaya ba, amma ya fito ya ce komai lafiya. Mai karanta sakamako ya ɗauka an gwada kanel, alhali ko taɓa shi ba a yi ba. Wannan ya fi damuna a kan gwajin da ya faɗi, domin wanda ya faɗi ai za a bi sawunsa.

Shi ya sa ake amfani da strtol, wanda shi ma yake mayar da rubutu lamba amma yana nuna kuskure, kuma da ladabinsa. Ka mayar da errno, wurin da ake ajiye lambar kuskure, zuwa 0 kafin ka kira shi. Bayan ya dawo, ka duba inda ya tsaya da karatu: in bai motsa daga farko ba, babu lamba, in ya tsaya kafin ƙarshe, akwai tarkace a baya. Ka duba ko errno ya zama ERANGE, alamar lambar ta fi ƙarfin abin da zai iya riƙewa. Sannan, abin da yara suka fi mantawa, in a int (ma'ajin lamba na yau da kullum a C) za ka zuba, ka tabbatar bai haura 2147483647 ba, don long, ma'ajin da strtol ke dawo da lamba a ciki, na iya ɗaukar abin da int ba zai ɗauka ba.

Ka yi hattara da strtoul, ɗan'uwan strtol na lambobin da ba su gaza sifili ba. Yana karɓar "-1" ba musu, ya juya shi zuwa lamba mafi girma da zai iya riƙewa, in kuwa lambar ta girman ƙwaƙwalwa ce, sai gwajin ya nemi ƙwaƙwalwar da injin ba shi da ita. Haka in ka sa tushe 0, wato ka bar shi ya gano tushen ƙidayar da kansa, "010" takwas ne, ba goma ba.

In a LTP (Linux Test Project, tarin gwaje-gwajen Linux) kake, an riga an ɗauke maka nauyin: tst_parse_int yana karɓar iyakar ƙasa da ta sama. In lamba ta zo ba daidai ba, ka tsaya da TBROK (gwajin ne ya kasa gudana), kada ka sa TFAIL (kanel ya faɗi gwaji), domin laifin mai kira ne, ba na kanel ba. A cikin kanel ɗin kansa kuwa kstrtoint ake so.

Ka gyara ka sake turawa, ka kuma sa saƙon kuskuren ya nuna ainihin abin da mutum ya rubuta da iyakar da aka yarda da ita. Ka gaida mahaifiyarka.