Wayata ce ta tsufa ko manhajoji ne suka fi ƙarfinta?

Tambaya: Salam malam, wayar da na saya tun 2019 da can sai gudu, yanzu kafin ta buɗe WhatsApp sai na gaji da jira. Wai sabbin manhajojin nan ne ke tilasta mana neman waya mai firosesa mai sauri? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Eh, da gaskiyarka, wayar taka tana nan yadda take, kayan da ake ɗora mata ne suke ta ƙaruwa. WhatsApp ɗin da ka sani da farko saƙon rubutu ne kawai, yanzu ga kiran bidiyo ga status ga channels ga Meta AI duk an cusa a ciki, ga TikTok da ke zubo bidiyo ba tsayawa, to kowane ofdet sai ya ƙara wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, aiki. Masana sun daɗe da lura da wannan, tun 1995 masanin kwamfuta Niklaus Wirth ya yi ƙorafin cewa manhajoji suna ƙara nauyi fiye da yadda kwamfutoci ke ƙara sauri.

A kwamfuta ma abin ya fi fitowa fili. Da Windows 11 ta fito a 2021 Microsoft ta ce sai kwamfuta mai firosesan Intel na zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD, da kuma na'urar tsaro ta TPM 2.0, ta kuma daina kula da Windows 10 a Oktoba 2025, kaga laftof da yawa masu lafiya lau an bar su a baya, wannan kam yana damuna sosai don ɗalibanmu da na hannu suke fara saya.

Amma kar ka yi gaggawar tafiya kasuwa. Sau da yawa ba firosesa ne matsalar ba, RAM, wato inda waya ke riƙe manhajojin da ke aiki a lokacin, ce ta yi kaɗan ko ma'ajiyar wayar ta cika maƙil da bidiyoyin guruf. Share su tukuna, kashe sauke hotuna kai tsaye a WhatsApp, ka koma Facebook Lite mara nauyi, ka ga ko za ta sarara. In RAM ɗinka 2GB ce gaskiya za ka ci gaba da shan wahala, in Allah ya hore ka nemi mai 4GB ko 6GB, kuma ka tambayi mai shago ainihin RAM ɗin, ban da wadda ake arowa daga ma'ajiya a rubuta a jikin kwali.