Amsa: Daga ina sinadarin maza ke fitowa a cutar PCOS?

'Yar'uwa, kin ce an gano kina da PCOS (cutar da ke rikita sinadaran jikin mace da aikin ma'ajiyar ƙwai), gashi na tsiro miki a haɓa, al'ada kuma tana yin jinkiri, kina son sanin daga ina matsalar take.

Manyan wurare biyu ne ke samar da sinadarin androjin, wato sinadarin maza, a jikin mace. A cutar PCOS, mafi yawa daga ma'ajiyar ƙwai yake fitowa. Idan sinadarin LH (mai ba ma'ajiyar ƙwai umarni) da insulin (mai daidaita sukari a jini) suka yi yawa, sai su matsa mata ta riƙa fitar da testosteron, ɗaya daga cikin sinadaran mazan, fiye da kima, ƙwai ya kasa nuna, al'ada ta rikice. Insulin ɗin kuma yana rage furotin da hanta ke yi don ɗaure testosteron, sai wanda ba a ɗaure ba ya yi yawa; shi ya sa rage ƙiba, ko kaɗan ne, yake taimakon masu ƙiba, domin yana saukar da insulin.

Na biyu, ƙananan ƙulluluwan adirinal da ke saman ƙoda, masu samar da DHEA-S, wanda shi ma sinadarin maza ne. A wasu matan, har da sirara, nan ne yawan yake.

Kada ki dogara da hoton ciki kaɗai, kuma ki guji magungunan kasuwa. Ki ga likitan mata ya yi gwajin jini. In muryarki ta fara kauri ko gashin ya ƙaru cikin 'yan watanni, ki hanzarta.