'Ya'yan itacen oak ga wanda aka hana alkama

'Yar'uwa, kin ce likita ya hana ki duk abin da ke da gulutin (wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir), kina son sanin ko garin 'ya'yan itacen oak (wani babban itace da aka fi samu a ƙasashe masu sanyi) zai maye miki gurbin alkama. Zai iya, domin babu gulutin a cikinsu. Amma kada ki ci su ɗanye: suna da sinadarin tanin mai bauri, yana damun ciki, yana kuma rage wa jiki shan sinadarin ƙarfe.

Fara zuba su a ruwa, waɗanda suka taso sama ki zubar, galibi tsutsa ta cinye cikinsu. Ki fasa sauran, ki ɓare, ki niƙa, ki jiƙa garin a ruwan sanyi cikin firji. Kullum ki tsiyaye ruwan da ya yi ja kamar shayi, ki zuba sabo. Wani garin ya ɗauki kwana kaɗan, wani ya haura mako. Harshenki ne alƙali: ɗanɗana, in bauri ya tafi, to ya yi. Ni na fi son wannan hanyar a kan tafasawa, don garin ya fi haɗuwa wajen kwaɓi. Ki shanya shi ya bushe ƙarau kafin ajiya, danshi kaɗan ke jawo fumfuna.

Kuskure ne a ɗauki wannan garin abincin rage ƙiba, alhali yana da sitaci da mai sosai. In kina da ciwon suga, ƙarancin jini, juna biyu, ko jikinki ba ya karɓar 'ya'yan itatuwa masu ɓawo, ki tuntuɓi likitanki kafin ki fara.