Tafin baƙo

Malam, ka tambaye ni mu Hausawan Sudan 'yan ina ne takamaimai, kuma me ya hana mu komowa gida da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Ba ni da amsar da za ta cika maka ciki. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka bi ɗansa da niyyar Makka, suka yada zango a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Zangon nan shi ne garin Mai Wurno. Kakata har ta koma ga Allah cewa take "kan hanya muke", alhali tun tana yarinya take tsintar auduga a Jazira. A nan Fallata ake ce mana, in mun zo wajenku kuma ku ce Hausarmu ta sha Larabci.

Abin da muka riƙe ɗan kaɗan ne. Kakata in za ta auna garin dawa na asida, sai ta ƙara tafi guda, ta ce na baƙo ne. Ko baƙo bai zo ba. Muna yara haushi muke ji, don mu za mu ci ɗumamen da safe.

Da Wad Madani, babban birnin Jazira, ta faɗi a Disambar 2023, mutane suka kwararo kudu. Malamanmu ma in ka ce yaushe za a gama, sai su ce Allah ne masani. Matan unguwa dai suka ɗora babbar tukunyar adas, wani irin ƙaramin wake, a ƙofar masallaci, abin da ake kira takiyya a nan. Duk wanda ya miƙo kwano sai a zuba masa, ba a tambayar ƙabilarsa. Wata baƙuwa da ba ta jin ko "sannu" ta damƙa wa Inna 'yan kunnenta na zinariya ajiya. Inna ta ɗinke su cikin matashin kai. Da wutar yaƙin ta iso Sinja, babban birnin jihar Sinnar, a 2024 muka tashi zuwa Gadarif, Inna ta bar keken ɗinkinta, ta rungumo matashin nan. Na yi mata magana, ta harare ni, ta ce, "Naka ne?"

Sai bayan watanni mai kayan ta samo mu ta waya. Inna ta farke ɗinkin a gabanta da reza, ta miƙa mata, sannan ta tashi ta ɗora ruwan shayi.