Me ya sa Sadique Abubakar bai kai Iya Cif Mashal ba?

Malam, ka tambaya ko rage wa Sadique Baba Abubakar, tsohon shugaban rundunar sojin saman Najeriya, aka yi, da ya yi ritaya yana Iya Mashal alhali Alex Badeh ya kai Iya Cif Mashal. Ba a rage masa komai ba. A rundunar sojin saman Najeriya, tauraro huɗu, wato muƙamin Iya Cif Mashal, na wanda aka naɗa babban hafsan tsaro ne, mai kula da sojin ƙasa da na ruwa da na sama gaba ɗaya. Paul Dike ne ya fara samu a 2008, sai Oluseyi Petinrin, sai Badeh ɗan Adamawa a 2014. A zamanin Sadique kuwa Janar Olonisakin ne ke kan wannan kujera, don haka tauraro uku, wato Iya Mashal, ne iyakar Sadique.

Amma fa ɗan Azaren nan, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, ya daɗe a kujerarsa: daga Yulin 2015 da Buhari ya naɗa shi har Janairun 2021. A hannunsa aka ƙulla cinikin jiragen yaƙi na Super Tucano 12 daga Amurka, sai dai ba su fara isowa ba sai bayan ya sauka, magajinsa Amao ne ya tarbe su. Sadique ne kuma ya maƙala wa mata matuƙa jiragen yaƙi Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile fukafukai, wato bajon shaidar zama matuƙin jirgi, a ƙirji a 2019, abin da ni a ganina ya fi wata lambar yabo nauyi.

Daga baya ya tafi jakadanci Chadi, ya dawo ya nemi gwamnan Bauchi a 2023, Ƙauran Bauchi ya kayar da shi.