Wakilin basira zai haɗa mana fakitir ɗin gini: me zan duba a takardunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe wa kawuna lissafi a kamfaninsa na gine-gine a nan Tahoua. Yawancin aikinmu azuzuwan makaranta ne da katangu. Wani mai sayar da manhaja ya zo daga Yamai, ya ce tasu tana da "wakili" na ƙirƙirarriyar basira da zai karanta rasit, ya haɗa fakitir, ya aika wa mai aiki da kansa. Ya bar mini takardun bayani masu kauri. Me zan duba a ciki kafin in ce wa Kawu ya biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shafukan farko masu hotuna da kirari, tsallake su, talla ce. Nemi wurin da aka jera ayyukan da aka ba wakilin ikon yi: duba fakitir, ƙirƙirar sabo, gyara, sokewa, aikawa. Kowane aiki yana da suna, da ɗan bayani, da jerin abin da za a cika masa. Ba kai kaɗai ke karanta wannan bayanin ba. Shi kansa wakilin da shi yake aiki. A ƙa'idar MCP, wato tsarin haɗa irin waɗannan wakilai da manhajoji, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, da wannan rubutun na'urar ke zaɓar aikin da za ta kira. Ɗauke shi kamar sabon magatakarda mai kaifin kai wanda bai taɓa taka shantiye ba, bai san komai ba sai abin da aka rubuta masa. Inda rubutun ya yi shiru ba lalle ya tsaya ya tambaya ba, cike gurbin yake yi da zato.

Saboda haka ɗauko takardar biya ta wani aikin da kuka gama, ka bi bayanin da ita layi-layi. Fakitir ɗin gini ba irin na mai shago ba ne. Ana biya ne kashi-kashi gwargwadon aikin da aka auna, a cire abin da aka riga aka biya, a rage kuɗin somin aiki da aka ba ku tun farko, a kuma riƙe kuɗin garanti har a karɓi ginin. A ce aikin da kuka kammala ya kai sefa miliyan 20, an riga an biya na miliyan 12, saura miliyan 8. Harajin TVA a Nijar kashi 19 ne cikin ɗari, wato 1,520,000, jimla 9,520,000. In kwangilarku ta ce a riƙe kashi 5, a kan wane adadi za a riƙe? A kan miliyan 8, jikka 400 ne. A kan jimlar da haraji, jikka 476. Ga jikka 76 a tsakani, a takarda ɗaya tak. Bayanin da ya ce "saka kason riƙewa" ya tsaya nan bai gaya maka komai ba. Na ƙwarai zai faɗi a kan me ake lissafawa, ko 5 ake rubutawa ko 0,05, ya kuma kawo misali da alƙaluma tun daga sama har ƙasa.

Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji an gina su ne don 'yan kwangilar Amurka. In ka ga misalan duk da dala, ana ta ambaton fom G702 da G703 na neman biyan aikin gini a Amurka, to ba da ku aka yi rigar ba, aro ce. Can waƙafi ke raba dubbai. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, waƙafi ke raba ɓurɓushin lamba. Can 03/04 na nufin 4 ga Maris, a nan 3 ga Afrilu. Kuskure irin wannan ba ya ƙara, sai ranar biya ake jin sa.

Sai zancen ma'aikatar haraji. Fakitir ɗin da DGI, wato babbar hukumar haraji, ta sani shi ne wanda ya bi ta SECeF, tsarin tantance fakitir ta na'ura, da lambar haraji ta NIF da alamar QR a jikinsa. Ka nemi shafin da ya nuna yadda manhajar ke haɗuwa da wannan tsari. In babu, abin da wakilin zai fitar daftari ne kawai, sai kun sake shigar da shi da hannu. In kuwa akwai, haɗarin ya koma wani gefen: fakitir ɗin da aka tantance ba a goge shi, sai dai a fitar da wata takarda ta warware shi. A nan nake tsananta wa masu sayarwa. Dole bayanin ya raba ayyukan da ke dubawa kawai da masu taɓa kuɗi, ya kuma nuna inda wakilin zai tsaya har mutum ya danna amincewa. MCP tana da alamomin da ake liƙa wa aiki, cewa wannan karatu kawai yake yi, wancan yana iya ɓarna, amma ita kanta ƙa'idar ta ce manuniya ce, ba garanti ba. Katangar gaske ita ce izinin da aka ba asusun da wakilin ke shiga da shi.

Wani abin da masu rubuta bayani a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ke mantawa: rezo ya yanke ana tsakiyar aikawa, wakilin bai ji amsa ba, ya sake aikawa. Fakitir ɗaya ya fita ko biyu? Na taɓa ganin wani kamfani ya aika wa mai aiki takardar biya guda har sau uku ta wannan hanya, aka kwana biyu ana ba da haƙuri. Nemi inda aka bayyana lambar da ke hana maimaici, da jerin saƙonnin kuskure da ma'anar kowanne.

Tunda zai karanta rasit ɗin masu kawo muku siminti daga Malbaza da ƙarfe da yashi, tambayi abin da zai yi in wani ya cusa umarni a cikin takarda, misali a canza lambar asusun banki. Wakilai na iya ɗaukar irin wannan rubutu a matsayin umarni. Tambayi kuma ƙasar da ake ajiye bayananku, don sunaye da lambobin mutane na ƙarƙashin kulawar HAPDP, hukumar kare bayanan mutane, da yadda za ku kwashe su in kun rabu, tunda dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke bi, ta ce a adana takardun lissafi shekara 10.

Kafin Kawu ya fitar da ko dala, ka ce a buɗe maka asusun gwaji wanda ba ya aika komai waje. Saka tsofaffin takardunku guda uku, har da wadda aka yi ƙarin aiki a tsakiyar kwangila, ka kashe intanet da gangan ana cikin ta biyun, sannan ka gwada abin da ya fito da abin da ke littafinka.