Rumfar dattawa da shingen soja: amsa ga ɗana mai tafiya Bata

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da aikin da ka samu a Bata, birnin nan na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Allah ya sa ka shiga a sa'a. Ka ce wanda ya riga ka zuwa ya ja maka kunne kan abu biyu: in motarku ta tsaya a ƙauye kada ka wuce rumfar dattawa ba ka zauna ba, sannan kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, kada kuma sunan shugaban ƙasa ya fito daga bakinka. Kana tambaya ko duka al'adar mutanen Ikwatoriyal Gini ce. Ta farko al'ada ce tun kaka da kakanni. Ta biyu kuwa tsoro ne da mulki ya shuka. In ka zuba su a ƙwarya ɗaya, za ka raina mutanen da ba su cancanci raini ba.

Rumfar nan 'yan ƙabilar Fang ke kiranta abaá, da Sifaniyanci kuma casa de la palabra, wato ɗakin magana. Fang su ne mafi yawa a ƙasar, musamman a ɓangaren tudu inda Bata take. Ka ɗauke ta kamar zauren mai unguwa. Nan maza ke zama da yamma, nan ake raba gardamar gona da ta aure, nan ake daidaita kuɗin da dangin ango za su kai. Mata na aiko da abinci daga madafa, kuma baƙon da ya zauna ba sai an tambaye shi ko yana jin yunwa ba. A shekarun da na yi ina fatauci a can, sau da yawa a rumfar na kwana ban san kowa a garin ba. Ka shiga ka ce "mbolo", ka miƙa wa kowa hannu, ka fara da mafi tsufa, ka zauna, ka bar su su tambaye ka abin da ke tafe da kai. Wanda ya wuce kai tsaye zuwa gidan wani, kamar wanda ya tsallake zaure ne ya faɗa tsakar gida.

Za a miƙo maka malamba, giyar rake, ko naman daji. Yawancinsu Katolika ne, amma sun daɗe da sanin Hausawa 'yan kasuwa, sun san abin da Musulmi ba ya ci. Ka dafa ƙirji ka yi godiya, ka ci rogon da miyar gyaɗa ko kifi. Ƙin taɓa komai gaba ɗaya shi ne abin da ke ɓata musu rai.

Shirun kuma ga asalinsa. Sifaniya ta ba su 'yanci ranar 12 ga Oktoba 1968, Francisco Macías Nguema ya hau mulki. Shekara 11 ya yi yana kashe masu ilimi, ya rufe majami'u, ya hana masunta kwale-kwale don kada a gudu. Gonakin koko na tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, leburori 'yan Najeriya ne ke riƙe da su, galibi daga kudu maso gabas. Da wulaƙanci ya yi yawa, Najeriya ta kwashe mutanenta a 1975 da 1976, kokon ya mutu a tsaye. Ranar 3 ga Agusta 1979 ɗan ɗan'uwansa Teodoro Obiang Nguema, hafsan soja, ya kifar da shi, kuma shi ke kan kujerar tun daga ranar, ɗansa ne mataimakinsa. Dattijon da za ka gani a rumfa ya rayu a zamanin da kalma ɗaya ke ɓatar da mutum. Shi ya sa zai yi awa uku yana muhawara kan akuya, amma ka ambaci fada sai ya dubi ƙasa. Abin na ci mini rai, don mutane ne masu son magana, har ɗaki suka gina mata.

Tun bayan makircin juyin mulki na sojojin haya na 2004, wanda aka kama tsohon hafsan sojan Birtaniya Simon Mann a kansa, ake yi wa baƙo kallon tuhuma. Shingen soja suna da yawa a hanya. Takardunka su kasance a jikinka kullum, ka amsa abin da aka tambaye ka kaɗai. Barikin soja, filin jirgi, tashar ruwa, gidan gwamnati, ko da wasa kada ka nuna su da waya. Kada kuma ka tayar da zancen fashewar barikin Nkoantoma ta 7 ga Maris 2021, wadda ta kashe sama da mutum 100 a Bata ɗin nan. Mai yiwuwa abokin aikinka ya binne wani nasa a ranakun.

Idonka zai ruɗe da tituna. Man fetur ɗin da aka gano a rijiyar Zafiro a 1995 ya kawo kwalta mai faɗi, da madatsar lantarki ta Djibloho, da sabon birni sukutum a tsakiyar daji a Oyala. Amma ka ratse bayan babban titi za ka ga yara da jarkoki suna neman ruwa, ga shi man ma yana ja da baya. Kada ka yi ta yabon arzikin ƙasar a gaban wanda bai ɗanɗana shi ba.

Kuɗinsu sefa ce irin ta Kamaru da Chadi, ta Nijar ba ta ci a can, don haka ka canza kafin ka tashi. In ka sauka, ka nemi masallaci ranar Juma'a ka gabatar da kanka ga dattawan Hausawa, su za su nuna maka inda ake yankan halal. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ta sa maka goro a jaka, za ka buƙace shi ranar da ka fara zama a rumfar.